Yadda Aka Buɗe Taskar Ilmin Sunayen Halittu

A shekara ta 1826 aka buga wani littafi a birnin Landan mai ɗauke da labarin tafiyar Turawan nan uku, Denham da Clapperton da likita Oudney, waɗanda suka keto Sahara daga Tarabulus zuwa Borno, har ɗayansu, wato Clapperton, ya iso Kano, ya zarce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi likita Oudney bai koma gida ba, ajali ya cim masa a kusa da Katagum a farkon 1824, amma busassun ganyaye da furannin da aka tsinta a hanya sun isa hannun wani malamin tsirrai, Robert Brown, wanda ya yi musu sharhi a ƙarshen littafin, kuma a cikin wannan sharhi ne ya raɗa wa jinsin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park. Tun daga ranar, duk mai nazarin da zai yi magana a kan asalin wannan suna, hujjarsa ga waɗannan 'yan shafuka take komawa. Ga itace nan tsaye a bayan gari, mata suna dafa kalwarta suna yin daddawa, amma nassin sunanta ya daɗe a kulle cikin ɗakunan karatu na Turai, inda ɗan ƙasar da ɗorawa take tsirowa ba ya iya kai hannu gare shi sai ya haye teku.

Wajibi ne a fahimci abin da ya raba wannan fanni na rarrabe halittu da sa musu suna da sauran fannonin kimiyya, domin in ba a fahimce shi ba, ba za a gane dalilin da ya sa ƙoshin littattafai ya zama wa ma'abutansa tamkar ruwan sha ba. Likita ko mai ilmin haɗa magunguna, in maƙala ta shekara talatin, sau da yawa ya wuce ta, wata sabuwa ta shafe hukuncinta. A nan kuwa tsohon littafi ba ya mutuwa. Malamai sun yi ittifaƙi cewa lissafin sunayen tsirrai yana farawa daga littafin Species Plantarum na Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya fito a 1753, na dabbobi kuma daga bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, wanda aka ɗauki 1 ga Janairu, 1758 a matsayin ranar fitarsa. Sa'an nan suka kafa ƙa'ida cewa idan nau'i ɗaya ya sami suna biyu, wanda ya riga bayyana a ɗab'i shi ne halattacce, ko da na bayan ya fi shahara. Kaɗanya ta daɗe ana kiranta Butyrospermum parkii a littattafan gandun daji, amma da yake wani Bajamushe, Gaertner ƙarami, ya riga ya sa mata Vitellaria paradoxa tun farkon ƙarni na 19, ala tilas aka koma wa nasa. Saboda haka mai son ya ce ya gano sabon ƙwaro ko sabuwar ciyawa, aikinsa irin na malamin hadisi ne wajen bin isnadi: sai ya bi mutum bayan mutum, daga wanda ya rubuta jiya har zuwa wanda ya fara rubutawa, ya duba lafazin kowa da idonsa, in kuwa mutum ɗaya ya kuɓuce masa a cikin silsilar, to, hukuncinsa ya raunana.

Su kuwa waɗannan rubuce-rubuce a warwatse suke cikin dubban mujallu da littattafan tafiye-tafiye, wasu da Latin, wasu da Jamusanci ko Faransanci ko Rashanci, wasu ma 'yan kwafi kaɗan aka buga. Samfuran asali da aka dogara da su wajen siffanta halittun Afirka su ma suna Kew da Faris da Tervuren ta Beljiyam. Hatta aikin likita Dalziel, wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya tattara sunayen itatuwa daga bakin mutane ya wallafa su a 1916, kana ya haɗu da wani malamin tsirrai, Hutchinson, suka tsara babban kundin tsirran Afirka ta Yamma daga 1927 zuwa 1936, a Landan aka buga shi. Da kuɗin mujallu ya yi ta hauhawa a ƙarshen ƙarni na 20, darajar kuɗin ƙasashenmu kuma ta faɗi, sai ɗakunan karatu na jami'o'in Afirka da yawa suka daina sayen ko da sababbin, balle a yi zancen tsofaffi.

Kiran da aka yi a Budapest a watan Fabrairu na 2002, cewa a bar sakamakon bincike a intanet kyauta ga kowa, ya shafi dukan fannoni, amma masu wannan fanni da tsofaffin littattafai suka fara. A 2006 manyan gidajen tarihin halittu da lambunan tsirrai goma na Amurka da Ingila, cikinsu har da Smithsonian da Kew da jami'ar Harvard, suka haɗa kai suka kafa Biodiversity Heritage Library, suka shiga ɗaukar hoton littattafansu shafi bayan shafi, suka buɗe wa jama'a a 2007. A yau shafukan da ke ciki sun haura miliyan 60, an kuma kafa reshen Afirka a Pretoria a 2013. Wannan kam sadaka ce mai gudana, kuma ba ta jawo gardama mai yawa ba, tun da yake marubutan sun daɗe da rasuwa, haƙƙin mallakarsu ya faɗi.

Inda aka kai ruwa rana shi ne a kan sababbin sunaye. A wancan lokaci, dokar sunayen dabbobi da ta tsirrai duka sun sharɗanta cewa suna ba ya tabbata sai ya fito a abin da ake iya riƙewa a hannu, mai kwafi da yawa iri ɗaya, wanda ba ya canjawa. Iyakar sassaucin da dokar dabbobi ta 1999 ta yi shi ne ta yarda da faifan kwamfuta, bisa sharaɗin a ajiye shi a manyan ɗakunan karatu biyar. Masu riƙo da takarda ba jahilai ba ne, kuma a ganina hujjarsu tana da nauyi: littafin Linnaeus ya shekara fiye da 250 ana karanta shi yadda ya fito daga maɗaba'a, alhali faifan da aka yi shekara ashirin da suka wuce da ƙyar ake samun na'urar da za ta buɗe shi, shafin intanet kuwa mai shi yana iya sauya kalma cikin dare, ko ya sauya kwanan wata, a fannin da rata ta kwana ɗaya take raba halattaccen suna da ɓatacce.

Abin da ya tona asirin wannan tsari ya faru ranar 19 ga Mayu, 2009. A ranar aka tara 'yan jarida a birnin New York aka nuna musu ƙwarangwal ɗin wata 'yar halitta dangin birai, wadda ta daskare cikin dutse a ramin Messel na Jamus tun kimanin shekara miliyan 47, aka yi mata laƙabi da Ida, aka yi shelar sunanta na ilmi Darwinius masillae a mujallar PLoS ONE, wadda a intanet kaɗai take fita. Duniya ta ɗauka, gidajen talabijin suka yi ta yayatawa, sai waɗansu masu lura suka ce a dakata, ai bisa doka wannan suna babu shi, tun da ba a buga shi a takarda ba. Ba shiri masu mujallar suka garzaya suka buga 'yan kwafi, bayan kwana biyu sunan ya halatta. A shekarar da ta biyo, Sandra Knapp ta gidan tarihin halittu na Landan ta siffanta sababbin nau'o'i huɗu na dangin gauta a wannan mujalla, ta buga maƙalar a takarda da kanta ta aika wa ɗakunan karatu goma a ranar da ta fito, don ta cika sharaɗi, kuma don ta nuna wa 'yan'uwanta malamai cewa takardar ta zama al'ada kawai, karatun kowa a allon kwamfuta yake yi.

Masu tsirrai ne suka riga yanke hukunci. A babban taronsu na Melbourne ta Ostareliya, a watan Yuli na 2011, suka amince cewa daga 1 ga Janairu, 2012 suna yana tabbata idan ya fito a intanet cikin siffar PDF, a mujalla ko littafi mai lambar rajista. Suka kuma ɗage wajabcin siffanta sabon tsiro da Latin, wanda yake kansu tun 1935, suka ce Ingilishi ma ya wadatar.   Hukumar sunayen dabbobi ta bi sahu a watan Satumba na 2012, sai dai ta ƙara sharaɗi cewa a fara rajistar aikin a kundinta na ZooBank, wanda aka buɗe ranar 1 ga Janairu, 2008, daidai cikar shekara 250 da mafarin lissafi, da sunayen wasu ƙananan kifayen teku biyar, kuma a faɗi taskar da za ta adana shi. Da haka aka ba masu tsoron ɓata da sauyi amsa, ba tare da an ce musu tsoronsu banza ne ba.

Kafin doka ta iso, mujallu sun riga sun yi gaba. Zhi-Qiang Zhang ya kafa Zootaxa a Auckland a 2001, ta bunƙasa har ta kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na sababbin sunayen dabbobi a cikinta suke fita, sai dai yawancin maƙalunta sai an biya ake karantawa. A 2008 Lyubomir Penev na maɗaba'ar Pensoft da ke Sofiya ta Bulgeriya ya fito da ZooKeys, Terry Erwin masanin ƙwari yana babban edita, komai nata a buɗe, aka bi ta da PhytoKeys ta tsirrai a 2010. A wannan shekara ta 2008 kuma Donat Agosti, masanin tururuwa, da abokansa suka kafa ƙungiyar Plazi a Suwizalan bisa wata fatawa mai ban sha'awa, cewa bayanin siffar halitta, kamar yawan ƙafafu da tsawon fiffike, haƙiƙa ce da aka rubuta bisa tsari sananne, ba ƙagaggen adabi ba, saboda haka ba ta shiga ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ana iya tsamo ta daga kullallen littafi a ba jama'a.

Sai dai kyautar ba ta cika ba, domin kuɗin da aka ɗauke wa mai karatu a kan marubuci aka ɗora shi. Buga maƙala ɗaya a irin waɗannan mujallu yana cin ɗaruruwan Yuro, kuma ko da yake akan yi rangwame ga wanda ya roƙa, malamin da albashinsa da Naira ko Sefa ake biya ya sami kansa yana iya karanta abin kowa, amma nasa ba ya iya shigarwa. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce wadda gidajen tarihin halittu na Faris da Brussels da Tervuren da Landan da lambun Meise suka bi a 2011, da suka kafa European Journal of Taxonomy, suka ɗauki nauyinta daga aljihunsu, ba a karɓar ko anini daga marubuci ko mai karatu. Amma aljihun hukuma shi ma yana da ƙarshe: a 2025 Smithsonian, wadda ta riƙe ragamar Biodiversity Heritage Library tun kafuwarta, ta ba da sanarwar cewa daga farkon 2026 za ta sauke wannan nauyi, sauran mambobi kuma suka shiga neman wanda zai riƙa biyan ma'aikata da kuɗin na'urorin da shafukan nan miliyan 60 suke ajiye a ciki.