Yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke isar da saƙo ga junansu

Garkuwar jikin ɗan Adam ta ƙunshi ƙwayoyin halitta sama da tiriliyan ɗaya, waɗanda ke warwatse a cikin jini, da ɓargo, da saifa, da hanji, da kuma fata.

Babu wata gaɓa guda da ke ba su umarni. Don haka nasarar jiki a kan kowace cuta ta dogara ne ga yadda waɗannan ƙwayoyi ke sanar da junansu abin da ke faruwa.

Masana sun gano manyan hanyoyi biyu na wannan sadarwa: aika sinadarai, da kuma haɗuwa jiki da jiki.

Saƙon farko

Idan ƙaya ta soki mutum, ƙwayoyin cuta na bakteriya kan samu ƙofar shiga. Daga cikin masu fara tarbarsu akwai wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofej, waɗanda ke zaune a cikin nama suna haɗiye duk wani baƙon abu.

Da zarar makrofej ta gane abokin gaba, sai ta saki wasu ƙananan sinadarai masu suna saitokain.

Wasu daga cikinsu kan sa jijiyoyin jini na kusa su buɗe, abin da ke jawo kumburi da zafi a wurin.

Wasu kuma, da ake kira kemokain, kan zama tamkar sawu. Fararen ƙwayoyin jini na niyutrofil, waɗanda suka fi kowane nau'i yawa a cikin jini, kan bi inda sinadarin ya fi ƙarfi har su isa bakin raunin cikin 'yan sa'o'i.

Akasarin mugunyar da ke taruwa a miki gawarwakinsu ne.

Ba kowace ƙwaya ce ke jin kowane saƙo ba. Sai wadda ke da makarɓar da ta dace da shi a bayanta, kamar yadda kowane kwaɗo ke da mabuɗinsa.

Saƙon kan kai har ƙwaƙwalwa. Sinadarai irin su intalukin 1 da intalukin 6 ne ke sa sashen da ke daidaita ɗumin jiki ya ɗaga shi.

Haka abin yake a zazzaɓin cizon sauro: duk lokacin da ƙwayoyin cutar suka fasa jajayen ƙwayoyin jini suka fito, garkuwar jiki kan saki waɗannan sinadarai, sai rawar ɗari da zazzaɓi su biyo baya.

Ɗaya daga cikin saitokain na farko da aka gano shi ne intafiron, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka bayyana a birnin Landan a shekarar 1957.

Ƙwayar halittar da bairas ya shiga ce ke sakinsa, domin gargaɗin maƙwabtanta su shirya.

Kai shaida

Wannan yunƙuri na farko yana da sauri, amma ba ya tantance takamaiman nau'in cutar. Wannan aikin na ƙwayoyin T da ƙwayoyin B ne, kuma su sai an kai musu shaida.

Masu kai ta su ne ƙwayoyin dendiritik, waɗanda Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano a Jami'ar Rockefeller da ke New York a 1973.

Ƙwayar dendiritik kan haɗiye ƙwayar cuta, ta daddatsa ta, ta liƙa gutsattsarin a bayanta, sannan ta nufi ɗaya daga cikin ƙananan ƙulle-ƙullen da ke wuya, da hammata, da matsematsi.

A can ne take gogayya da dubban ƙwayoyin T, har ta dace da wadda makarɓarta ta yi daidai da gutsuren da take ɗauke da shi.

Shaidar kaɗai ba ta isa ba. Dole sai ƙwayar dendiritik ta ƙara da alama ta biyu mai tabbatar da cewa akwai haɗari. In babu ita, ƙwayar T kan yi shiru. Wannan na cikin abubuwan da ke hana garkuwa auka wa jikin mai ita.

Idan alamomin biyu suka cika, ƙwayar T kan rarrabu ta hayayyafa da yawa cikin 'yan kwanaki. Wannan na cikin dalilan da ke sa wurin ya kumbura ya zama kaluluwa.

Masu taimako

A cikin ƙwayoyin T akwai makasa, masu hallaka ƙwayoyin jikin da bairas ya shiga. Akwai kuma mataimaka, waɗanda ake kira CD4, kuma su ne cibiyar sadarwar.

Su ne ke ƙara wa makrofej ƙarfin kashe abin da ta haɗiye, su zaburar da makasa, su kuma ba ƙwayoyin B izinin ƙera antibodi, wato sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta su hana ta sakat.

A karon farko, wannan tuntuɓa kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Bayan an warke, wasu ƙwayoyin T da B kan saura suna riƙe da kamannin cutar, ta yadda idan ta dawo za su tashi nan take. A kan wannan aka gina allurar rigakafi.

Idan sadarwa ta lalace

Ƙwayar cutar HIV mai haddasa ƙanjamau, ƙwayoyin CD4 take kai wa hari. Lafiyayyen mutum kan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 daga cikinsu a kowane mikirolita na jini.

Idan adadin ya yi ƙasa da 200, sauran ƙwayoyin garkuwa kan rasa mai ba su umarni, sai cututtuka irin su tarin fuka su samu galaba.

Ciwon daji kuma yaudara yake yi. Wasu ƙwayoyinsa kan nuna alamar da ke umartar ƙwayoyin T su dakata. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun samu lambar yabo ta Nobel a 2018 saboda binciken da ya kai ga magungunan da ke toshe irin wannan umarni.

Saƙo kan kuma yi yawa. Idan aka saki saitokain babu ƙaƙƙautawa, kumburi kan mamaye huhu da sauran gaɓoɓi, kamar yadda aka gani a wasu masu fama da cutar korona.

A 2020, wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa maganin deksametason, mai kwantar da garkuwa, ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin marasa lafiyar da ke kan na'urar taimaka wa numfashi.

Jiki na da nasa masu tsawatarwa, wato wani rukunin ƙwayoyin T da ke sa sauran su lafa. Idan suka gaza, garkuwa kan juya ta yaƙi gaɓoɓin mai ita.

Gano waɗannan ƙwayoyi da yadda suke aiki ne ya sa aka ba Mary Brunkow, da Fred Ramsdell, da Shimon Sakaguchi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 2025.