Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano: Hujjar Adana Ta Tun Kafin Kantuna Su Cinye Ta

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, a watan Yulin shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano. Faɗin waɗannan sababbin layuka milimita 1,435 ne, na tsohon dogo kuwa 1,067, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Sabon jirgi sabuwar tasha yake nema, yawanci a gefen gari, kamar yadda aka yi a Rigasa lokacin da layin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. Ranar da hakan ya tabbata a Kano, tsohuwar tashar da ke maƙwabtaka da Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari za ta sauya suna a bakin mutane, ta koma "fili". Duk wanda ya san Kano ya san abin da ke samun fili a tsakiyar kasuwa. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, tashar da harabarta da hanyar dogonta sun cancanci kariyar doka yanzu, tun jirgi bai yi ƙaura ba.

Ya kamata a fara da hujjar masu ganin a rushe, domin tana da ƙarfi. Suna cewa Bature ne ya shimfiɗa dogon don kwashe albarkatun ƙasa zuwa bakin teku, to me zai sa talakan da ke neman rumfar kasa kaya ya haƙura saboda kufan Turawa? Farkon maganar gaskiya ne. An fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907 a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga sufuri a 1912. Burin masu mulkin mallaka a lokacin audugar da za ta ciyar da masaƙun Ingila ne.

To amma wa ya haƙa ƙasar? Binciken Michael Mason kan shekarun 1907 zuwa 1912 ya nuna yadda aka riƙa ɗora wa hakimai da dagatai nauyin kawo leburori daga ƙauyuka, da yardarsu ko babu. Aikin ya shiga jikin jama'a har ya bar mana kalmar "diga", kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi masa waƙa sukutum, Waƙar Diga. Waɗannan mutane ba su bar hoto ba, galibinsu ko sunansu ba a rubuta ba. Gadar da suka ɗora da tudun da suka fasa su ne kaɗai shaidar guminsu. Wanda ya share wurin da niyyar goge sawun Bature, sawun kakanninsa ya fara gogewa.

Abin da ya biyo bayan isowar jirgi ya fi wannan muhimmanci, kuma a nan nake ganin ya kamata a tsaya a yi nazari. Turawa sun jira auduga, manoman ƙasar Kano suka kawo gyaɗa. Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan asalin cinikin gyaɗar Nijeriya, ya bayyana dalili: gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta cin aiki kamar auduga, tana zama lafiya da gero da dawa a gona ɗaya, idan yunwa ta zo kuma ana iya cin ta. Auduga kuwa masaƙan gida sun riga sun fi Bature sayen ta da daraja. Fatake irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, waɗanda suka goge a fataucin goro na Gwanja, su suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi suna karɓar alkawarin amfanin gona. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Har tarago ya yi kaɗan, buhuna suka taru suna jiran jirgi. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, wadda ake dangantawa da Alhassan Ɗantata, asalinta kaya ne masu jiran layi. Manomi da falke sun karɓi abin da aka ƙera don wata manufa, suka juya shi zuwa tasu. Ban san wani wuri a Kano da ya isa ya ba da wannan labari kamar harabar tashar ba.

Daga nan gari ya miƙe. Sabon Gari ya kafu don ma'aikata da akawuna daga Kudu, kamfanoni suka gina sito a gefen dogo, ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya ja baya, goro ya riƙa zuwa a tarago daga ƙasar Yarbawa, shanu da fatu suna gangarawa. A 1930 reshe ya kai Nguru. Akwai kuma abin da ba shi da daɗin tunawa: a farkon Oktoban 1966 an kashe mutanen Gabas da ke jiran jirgin komawa gida a wannan tasha. Al'ummar da ke son zaman lafiya tana bukatar wurin da za ta nuna wa 'ya'yanta har irin wannan.

Ko an ajiye tarihi gefe, lissafin kuɗi ma bai goyi bayan yanka wurin ba. Hanyar dogo doguwar gona ce da ta ratsa gari ba tare da gini ya tare ta ba. Birnin da cunkoson Adaidaita Sahu ya shaƙe shi zai nemi jirgin cikin gari ko ba jima ko ba daɗe, kuma gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shimfiɗa nasu layin. Idan an riga an yanka hanyar an gina benaye, diyyar da gwamnati za ta biya don dawo da ita za ta ninka kuɗin hayar da aka karɓa sau da yawa. Haya ta shekara ce, hanyar kuwa idan ta tafi ta tafi.

Haɗarin ma ba lallai ya zo da katafila rana tsaka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rufi zai fara yoyo a ƙyale shi, a ba da hayar kusurwa ɗaya "na wucin gadi", mai teburi ya zama mai kwantena, mai kwantena ya zuba bulo. Bayan shekara goma sai a ce ai ba abin da ya rage da za a adana. Haka ganuwar Kano ta zaizaye, alhali tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma an ga yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Darasin da ke ciki shi ne takardar doka ita kaɗai ba ta riƙe gini. Ginin da ake shiga ana fita, ana share shi, ana samun kuɗin gyara daga gare shi, shi ne ke daɗewa.

Misalin hakan yana nan cikin gida. A Ebute Metta ta Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara Gidan Jaekel, wani tsohon gidan ma'aikatan jirgin ƙasa, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi a 2010, yana cikin harabar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya har yau. Kano tana da abin da ya fi wannan yawa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba da hanyar ayyana wuri a matsayin abin tarihi. A bi ta, a auna iyakar harabar a buga taswirar kowa ya gani. Manyan rumfunan kaya ana iya ba da hayarsu ga 'yan kasuwa da masu sana'a bisa sharaɗin ba za a taɓa jikin ginin ba, kuɗin ya tafi gyara. Ta haka mai neman rumfa bai tashi a tutar babu ba. Littattafan awo da rajistar ma'aikata a ɗauki hotonsu a kai Gidan Ɗan Hausa kafin gara ta gama da su. Tsofaffin direbobi da masu ba da hannu da 'yan dako suna nan a unguwannin reluwe, shekarunsu sun ja, a je a naɗi muryarsu.

Kirana ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, da gwamnatin Jihar Kano, da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero, shi ne su zauna su fitar da wannan taswira kafin sabon jirgi ya yi kukansa na farko a Kano, kuma kada a sa hannu a wata takardar hayar ƙasar tashar sai an gama.