Gero da Gishiri: Asalin Ranar Kasuwa a Ƙasar Damargu

Duk wanda ya taɓa wayar gari a Tanut ko Balbeji ranar kasuwa, ya ga yadda ƙura ke tashi daga kowace kusurwa tun kafin hantsi, Buzaye bisa raƙuma, Fulani suna kore da bisashe, Hausawa da Dagirawa da amalanke shaƙe da hatsi, lalle zai so sanin mafarin wannan taro, wanda in ban da sallar Juma'a babu wani sha'ani na mako da ya kai shi girma a wurin mutanen ƙasar.

Asalin al'amarin yana ga hikimar Ubangiji, wanda ya rarraba arziki tsakanin ƙasashe domin bayinsa su bukaci juna. Ya ba Kawar gishiri da dabino, ya ba Abzin raƙuma, Damargu kuwa, da take bakin iyakar ƙasar noma, inda gonar ƙarshe ke fuskantar hamada, ya yi mata falalar gero. Saboda haka kowace shekara, idan sanyi ya shigo, ayarin Abzinawa ya komo daga Bilma da Fashi da kantun gishiri, sai ya gangaro kudu ya ya da zango a gefen garuruwan Damargu, a sauke kaya, madugu ya nemi mai masaukinsa, a yi ta awo ana musanya, har kowa ya sami abin da ƙasarsu ta hana shi. A cikin irin wannan ayari ne Bature Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, shi ya nufi Tasawa da Katsina da Kano.

Ba gishiri kaɗai ke bin wannan tafarki ba, domin fataken Gadamas da na Tarabulus ma ta nan suke ratsawa zuwa Damagaram da Kano, suna komawa da fatu da gashin jimina. Amma da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hajja ta koma bin teku, tijarar hamada ta yi rauni, ba a jima ba kuma yunwar 1913 zuwa 1914 ta auka wa talakawa. Abin lura shi ne, duk da wannan jarrabawa mu'amalar manomi da makiyayi ba ta yanke ba, gama wanda ke da nono yana bukatar gero, wanda ke da rumbu kuma yana bukatar dabba. Sai cinikin da a da ake jiran ayari kafin a yi shi ya zauna a gari, aka yanka masa rana sananniya a cikin mako.

Daga nan kasuwa ta zama majalisar jama'a. A nan dillali ke kama hannun mai saye da mai sayarwa, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara, har a sallama a ba da la'ada. A nan ake sanar da ɗaurin aure da suna, a isar da ta'aziyya, a yi cigiyar raƙumin da ya ɓata, a ji nawa tiyar gero ta kai. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dukiya, amma ba su tashi kasuwa ba.

A yau motoci sun gaji raƙuma a hanyar Damagaram zuwa Agadas, an buɗe matatar man fetur a yankin Olelewa a 2011, shekarar da Balbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta, labari kuma yana riga mai shi isowa ta wayar salula. Duk da haka mutane ba su fasa zuwa ba, domin zumunta a ƙafa take. Haƙƙi ne a kan dattawan Damargu su sanar da 'ya'yansu cewa amanar da kakanni suka ƙulla a zango, tsakanin mai gero da mai gishiri, ita ce ake sabuntawa duk ranar da kasuwa ta ci.