Musa, Ƙaryata da Soke: Tarihin Aikatau Uku



Wanda duk ya zauna cikin dattawan Ƙofar Guga a birnin Katsina ya saurari zancensu, zai ji aikatau uku da ake kawar da magana da su: musa, ƙaryata da soke. Wanda ya musa cewa yake abin bai auku ba. Wanda ya ƙaryata ya ƙara da tuhumar mai faɗa. Amma wanda ya soke ya yarda abin ya auku, sai dai ya hana shi aiki. Saboda haka talaka na iya musa bashi, amma alƙali ne ke soke ciniki.

Asalin kalmar daga soka ne, wato huda da mashi ko wuƙa, kuma daga nan muka sami suka. A rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa gida bakwai a 1960, soka tana rukuni na 2, soke kuwa tana na 4, wanda ke nuna an yi aiki ƙurmus. A rubuce, "ya soke shi" na iya zama na mashi ko na hukunci; karin sauti ne ke rarrabe su.

Tarihin mulki shi ya faɗaɗa wannan ma'ana ta biyu. Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya soke jihohin nan huɗu, ya kafa 12. A 1976 aka soke tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka maye gurbinsa. A 1992 Janar Babangida ya soke zaɓen fitar da gwani wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan wannan birni, ke kan gaba a jam'iyyar SDP. Shekara ta zagayo, ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. A lura, gwamnati ba ta musa cewa an jefa ƙuri'a ba. Ta dai hana ƙuri'ar amfani.

Darasin da ke nan ga ɗalibin tarihi shi ne ya duba aikatau da mahukunta suka zaɓa. In sun ce "mun ƙaryata", sai ya nemi shaida. In kuwa sun ce "mun soke", to sun riga sun ba shi shaidar da bakinsu, saura ya bincika wa ya ba su ikon.