Nana Asma'u Uwar Daje da Makarantar Kakanni

A makon da ya gabata muka raka wata tsohuwa ta unguwarmu makwancinta, bayan ta haura shekara casa'in a duniya, ta ga ƴaƴa, ta ga jikoki, ta goyi tattaɓa-kunne. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Da aka zo lissafin alherinta a zaman makoki, jikokinta abu guda suka yi ta maimaitawa: a bakinta suka fara jin farillan alwala da siffofin Manzon Allah (SAW), a waƙe, tana kaɗi ko tana tankaɗe. Allo kuwa ba ta taɓa riƙewa ba. Mu da aikinmu shi ne riƙe wa dattijon gari takardu, mun saba idan malami ya rasu a jero malamansa ɗaya bayan ɗaya. Ita babu wanda ya tambayi wajen wa ta ɗauka. Alhali wannan hanya ta karantar da mata da waƙa tana da wadda ta kafa ta da gangan, ta yi mata tsari, wato Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a Degel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifinta namu ne ta wajen haihuwa, domin a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, kishiyoyin uwar suka rene ta. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta bi jama'a da ƙafa cikin yunwa da tsoro, daga sansani zuwa sansani, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa.

Wanda Allah ya ba tsawon rai, ya ba shi yawan binne nasa. Shehu ya rasu a 1817. Bello, wanda shi ne abokin shawararta a kan littattafai, ya bi a 1837. Mijinta ma ya riga ta, haka aminiyarta A'isha. Shi ya sa marsiyya ta yi yawa cikin rubuce-rubucenta fiye da sittin da suka iso gare mu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin lura shi ne ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yaba mata zumunci da kyautata wa mutane. Sarauta ba ta cikin abin da take aunawa.

Inda muke so mu daɗe shi ne batun Ƴan Taru. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su san karatu ba, da yawansu kamammun yaƙi ne da aka raba gidaje, harshensu Hausa, al'adarsu bori. Matar aure ba ta iya barin miji da goyo ta yi tafiyar kwanaki neman ilimi. Sai Asma'u ta dubi mutum biyu da babu igiyar da ta ɗaure su: tsohuwar da ta gama haihuwa, da yarinyar da ba a kai ɗaki ba. Kowane gari aka zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, aka kira ta jaji. Asma'u da hannunta take ɗora mata malfa, ta naɗe da jan ƙyalle. Jaji ta tattaro tsofaffi da ƴan mata, su tako zuwa Sakkwato ko Wurno ɗauke da abin da ya sawwaƙa, hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta rabar wa mabukata. Su zauna gabanta su haddace waƙa a kan tauhidi, ko salla, ko tarihin Annabi, ko sunayen surorin Alƙur'ani, su koma gida su rera wa matan da ke cikin kulle. Takarda tana jiƙewa, gara tana cinye ta, amma abin da kaka ta haddace yana tare da ita a bakin murhu. Da wata jajinta mai suna Hauwa ta rasu, ita ma sai da ta yi mata marsiyya.

A nan akwai maganar da ta shafe mu, mu na wannan gefen iyaka, kuma ba za mu tsallake ta ba. Da yawa cikinmu jikokin waɗanda suka yaƙi Sakkwato ne. A Gawakuke, cikin 1836, rundunar Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri. Asma'u ta yi waƙar wannan yaƙi, kuma ta yi ta ne da bakin waɗanda suka ci nasara. Wannan gaskiya ce. Amma malfar da ta ɗora wa jajinta, mata sun riga sun san ta a kan Innar Gobir, uwar bori, wadda sarautarta tana nan a Tsibiri har gobe. Ba ta ƙone alamar da mata ke girmamawa ba, ta ɗauke ta ta ba ta wani aiki. A ganinmu wannan dabara ta fi dawakin Gawakuke nisan zango.

Gidanta kuwa bai tozarta saboda hidimar waje ba. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a waziranci wajen 1842, ɗansa Halilu ya gaje shi a 1859, kakar tana raye tana gani. Daga wannan gida ne Waziri Junaidu ya fito, wanda ya rasu a 1997, kuma a hannunsa aka adana takardunta masu yawa har Jean Boyd ta yi nazarinsu ta fitar da tarihinta a 1989. Sai dai laƙabin da mata suka ba ta, Uwar Daje, ba don ƴaƴan cikinta ba ne.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta kusa da kabarin mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar jajoji, bayanta Ta Modi ta ɗauka. Mun roƙi babbar jikar tsohuwarmu ta zo zaure ranar sadakar arba'in, ta rera mana abin da ta riƙe daga bakin kakarta, mu kuma mu rubuta.