IL2RG: Ƙwayar Gadon da Garkuwar Jiki Ke Dogaro da Ita

IL2RG ƙwayar gado ce da ke kan kuromosom X na ɗan Adam. Ita ke samar da wani furotin da ke zaune a bangon fararen ƙwayoyin jini, inda yake karɓar saƙonnin da ƙwayoyin ke aika wa juna. Saƙonni shida, wato intalukin 2, 4, 7, 9, 15 da 21, duk ta wannan ƙofa ɗaya suke bi. Da saƙo ya iso, sai furotin ɗin ya tayar da wani mai suna JAK3 a cikin ƙwayar, shi kuma ya isar da umarnin ta girma, ta hayayyafa, ko ta tunkari cuta.

Idan IL2RG ta lalace, saƙonnin shida duka sukan yanke. Ƙwayoyin kariya na T da NK ba sa samuwa, na B kuma suna nan amma ba sa aikinsu. Wannan ne ke haddasa nau'in da aka fi sani na cutar matsanancin raunin garkuwar jiki, SCID. Kusan maza kaɗai take kamawa, domin X ɗaya gare su. Uwa kan ɗauke ta ba tare da alama ba, kuma yiwuwar kowane ɗa namiji ya gada rabi da rabi ce.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne jaririn kan zo duniya kamar lafiyayye, saboda kariyar da ya samu daga uwarsa. Bayan 'yan watanni sai gudawa mai naci, ciwon huhu da rama su biyo baya. In ba a yi magani ba, da wuya ya kai shekara 2.

David Vetter na Amurka, wanda ya rayu cikin keɓaɓɓen ɗakin roba daga 1971 zuwa rasuwarsa a 1984, wannan cuta ce ta same shi. Sai a 1993 aka gano IL2RG ce tushenta.

Babban maganinta dashen ɓargo ne, kuma ya fi nasara a farkon watannin haihuwa. A Faransa an gwada gyaran ƙwayar gadon kanta, yara suka samu garkuwa, sai dai wasu sun kamu da sankarar jini, abin da ya sa aka sauya dabarar.

Rigakafin tarin fuka na BCG, da ake yi wa jarirai a Najeriya, kariya ce ga sauran yara amma haɗari ne ga mai wannan cuta. Don haka iyalin da suka sha rasa jarirai maza ta ɓangaren uwa ya kamata su sanar da likita tun kafin haihuwa.