TAƘAITACCEN TARIHIN GAGARAWA TASHA DA BAƘIN HANYAR JIRGI

Da kwamitin bikin cika shekara hamsin ya ɗora mana rubuta tarihi, sai muka ga ba daidai ba ne mu fara daga ranar da aka aza harsashin majami'armu. Da yawa daga cikin iyayen da suka zauna a bencin farko ba haifaffun Dutse ba ne. Waɗansu daga ƙauyukan Maguzawa suka fito, waɗansu kuwa daga tashoshin jirgin ƙasa da ke arewa da mu. Za mu ba da labarin ɗaya daga cikin tashoshin nan, wato Gagarawa Tasha ta ƙasar Gumel, domin 'ya'yanmu su san inda aka fito.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekara ta 1911. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, amma manoma suka auna suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Da ciniki ya bunƙasa, sai gwamnati ta shimfiɗa wani dogo daga Kano, ya bi ta Ringim, Gagarawa da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, tsawon mil 143. Bai shiga birnin Gumel ba, bai shiga Haɗejiya ba, Dutse kuwa ya bar ta can kudu. Saboda haka gyaɗar ƙasar Gumel dole ta zo ta sami jirgi a inda yake tsayawa.

Tasha ba ta zama ita kaɗai. Sai da mai kula da ita, da akawu, da leburorin gyaran dogo, da masu ba injin ruwa, gama jirgin zamanin nan da gawayi da ruwa yake tafiya. Kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt suna sayen gyaɗa a tashoshin wannan hanya, ta hannun akawuna 'yan Kudu da dillalai Hausawa. Bayan kaka sai ka ga jakuna da raƙuma sun yi layi a bakin sikeli. Inda aka auna gyaɗa aka biya kuɗi kuwa, nan ɗan koli zai shimfiɗa kayansa, mai tuwo ta kafa tukunya, tela ya ajiye kekensa. 'Yan ci-rani daga wajen Damagaram suna zuwa dako, da niyyar komawa kafin ruwan fari, amma ba duka suke komawa ba. Rumfa ta zama bukka, bukka ta zama soro. Ta haka aka sami gari biyu da suna ɗaya, Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha, har yau ma kowannensu mazaɓa ce mai zaman kanta a ƙaramar hukumar Gagarawa.

A nan muna so mu gyara wani abu da mukan faɗa a bagade. Mun saba cewa Turawan mishan ne suka kawo Bishara ƙasar nan. Aikinsu ba mai musunsa, amma a tashoshin jirgi ba su ne na fari ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan aiki a ƙasashen sarakunan Musulmi, ma'aikacin jirgi kuwa ba wanda ya hana shi zuwa da Littafinsa a akwati. Akawu da kafinta da makaniki su suka fara taruwa ran Lahadi a ɗakin ɗayansu. Sai dai da Turanci ko Yarbanci ko Ibo suke sujada, maƙwabtansu Hausawa suna jin waƙa ta taga, ba su san abin da ake cewa ba. Wannan rashi ne, kuma mun daɗe muna biyan bashinsa, gama har yanzu akwai masu ɗauka bangaskiyarmu ta baƙi ce.

Abin ya fara canzawa bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mishan ɗin S.I.M. ta sami izinin aiki a lardin Kano ta hanyar jinyar kutare da ba da magani, ta buɗe tashoshi a wurare kamar Roni da Garun Gabas, a 1954 kuma aka kafa E.C.W.A. Masu bi daga kudancin Zariya, Filato da kudancin Bauci suka riƙa zuwa aikin asibiti, koyarwa da ɗan sanda. Su da Hausa suke addu'a.

Sai 1966 ta zo. Ba za mu tsawaita a kanta ba. Jirgin da ya kawo mutanen Gabas shi ya kwashe waɗanda suka tsira, shaguna da ɗakunan sujada suka zama kango a tashoshi da dama. Dattawanmu sun shaida mana akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye baƙi a rumbu da ɗakin mata har ƙura ta lafa. Mun rubuta wannan don kada a manta. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kaɗan ne suka dawo.

Bayan haka gyaɗar ma ta juya baya. Fari ya yi tsanani tsakanin 1972 da 1974, a 1975 kuma cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gonaki. Manyan motoci suka ƙwace kayan jirgi, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manoma suka koma ga riɗi da wake da zoɓo. A waɗannan shekarun wahala ne waɗansu iyayenmu suka bar tasha suka gangaro Dutse neman aiki, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, garin da dogo ya tsallake ya zama babban birni, bencinmu suka kasa ɗaukar jama'a. A 2021 kuma aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara masa reshe zuwa Dutse.

Akwai abin da ya sa muka tono wannan tarihi. Muna da matasa a ikilisiyar nan waɗanda aka binne kakanninsu a gefen dogo, aka haifi iyayensu a tasha, su kuma ba su san wani gida ba sai nan. Duk da haka in sun je neman takardar shaidar ɗan ƙasa don makaranta ko aiki, akan ce su koma garinsu. Wane gari? Mun raka fiye da ɗaya zuwa ofis, mun ga wanda ya samu da wanda aka hana, bambancin kuwa sau da yawa takarda ce tsohuwa da ta nuna shekarar zuwan kakansa.

Saboda haka kwamiti yana roƙon kowane gida, musamman iyayenmu na Zumuntar Mata da suka fi mu ajiya, a duba akwatuna. Katin baftisma, rasit ɗin haraji, takardar sallama daga aikin jirgi, hoton aure, a kawo wa sakataren ikilisiya bayan sujada. Za a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su a ranar.